Kamfanin da ya daina aiki: a kwantar da shi, a soke sunansa, ko a raba gadonsa?

Hatimin kamfanin yayana yana cikin durowar teburinsa, tare da tsofaffin makullai da cajar wata waya da ta daɗe da mutuwa. Ya fara tsatsa ta wajen mariƙi. Satifiket ɗin rajista kuwa yana cikin firem a bayan kwaba, ƙura ta lulluɓe shi. Shi da wani abokinsa suka buɗe kamfanin a 2019, lokacin da ake ta raɗe-raɗin za a ba da kwangilar kai kujeru makarantu. Kwangilar ba ta zo ba. Abokin ya koma noman rani, shi kuma ya koma shagonsa na kayan gini. Da na tambaye shi ko ya rufe kamfanin, kallona ya yi kamar na faɗi wauta, ya ce, "Ai ya rufe kansa. Me ake yi da shi?"

Na ce, "Yaya, kamfani ba ya rufe kansa."

A nan yawancin masu ƙananan kamfanoni suke tuntuɓe. Shago idan ka kwashe kaya, ka ɗaura kwado, ka mayar wa mai gida makullinsa, magana ta ƙare. Kamfanin da ke da Ltd a ƙarshen sunansa kuwa, a idon doka mutum ne mai zaman kansa. Yana da suna, yana da lambar rajista mai farawa da RC, yana cin bashi, ana kai shi ƙara. Ranar da aka miƙa maka satifiket aka haife shi, kuma zai ci gaba da numfashi a takarda ko da bai taɓa sayar da allura ba. Muddin yana raye, hukumomi biyu suna jiran takarda daga gare shi duk shekara: hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da hukumar tara haraji ta tarayya, wadda muka saba kira FIRS, ta koma NRS daga 1 ga Janairun 2026. Idan kamfanin ya taɓa biyan albashi akwai ta uku, wato hukumar harajin jiha, irin su KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Kowace da ƙofarta. Ka rufe ta wannan, ta waccan tana nan a buɗe.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi a majalisa, wai ƙaramin kamfani ba ya biyan haraji. Gaskiya ce, amma rabinta. Tun dokar kuɗi ta 2019 aka ce kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba babu harajin riba a kansa, kuma sababbin dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun ƙara ɗaga wannan iyaka. Abin da aka yafe shi ne biya. Kawo rahoto ba a yafe shi ba. Ko sifiri ne cinikinka, sai ka zo ka rubuta sifirin. Tarar da ke taruwa a kan kamfani irin na yayana ta rashin kawo wannan rahoto ce, ba ta wata riba da aka ɓoye ba.

To, bari in fara da hanyar da kowa yake bi ba tare da ya zaɓe ta ba: a yi shiru, a bar kaza cikin gashinta.

A da, wannan shirun yana da ɗan sauƙi. Tsohuwar doka ta ce idan kamfani ya makara wajen kai rahoton harajinsa na shekara, tarar wata na farko naira 25,000 ce, kowane wata bayansa 5,000. Rahoto guda ya kwana shekara ba a kai ba, ka tara 80,000. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta mayar da wata na farko 100,000, kowane wata bayansa 50,000. Yi lissafin da kanka: wata goma sha biyu, 650,000, a kan rahoto ɗaya na kamfanin da ko ƙwandala bai samu ba. Shekara ta biyu ta shigo da nata rahoton, na farkon kuma bai daina ƙirga ba. A ɓangaren CAC ma tarar makara tana hawa, kuma duk wanda ya rubuta sunan kamfanin a shafin bincike na hukumar zai ga an yi masa alamar ba ya aiki.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja guda, suna cewa ai CAC da kanta za ta goge shi, kyauta. Haka ne, sashe na 692 na dokar kamfanoni ta 2020 ya ba hukumar ikon soke sunan kamfanin da ya yi shekara goma ba ya aiki ko ba ya cika ƙa'ida, bayan ta buga sanarwa ta ba da kwana 90. A 2023 da 2024 ta fitar da jerin sunayen kamfanoni kusan dubu ɗari da take shirin gogewa. Amma dubi abin da ke ciki. Shekara goma za ka yi kana jira, tara tana hawa. Kuma dokar da ta ba da ikon gogewar ita ta ce duk wani nauyi da ke kan daraktoci da masu hannun jari yana nan, ana iya bin su kamar ba a goge komai ba. Idan akwai fili ko kuɗi da ya rage da sunan kamfanin da aka rushe, ya zama dukiyar da ba ta da mai ita, gwamnati ce magajiyarta, sai ka je kotu neman a dawo da sunan kafin ka taɓa abinka. Sannan gogewar CAC ba ta wanke fayil ɗinka a ofishin haraji. Ranar da za ka buɗe sabon kamfani ko ka nemi wata takarda, sunanka da lambar NIN ɗinka suna nan manne da tsohon. A ganina wannan ce hanya mafi tsada a cikinsu duka, tsadarta ce kawai ba ta zuwa yau.

Hanya ta biyu ita ce a kwantar da kamfanin, ya yi barci da sanin hukuma. Ita nake ba yawancin mutane shawara su fara dubawa, saboda haka zan ɗan daɗe a kanta.

Kwantarwa tana nufin kamfanin yana nan da ransa, ba ya ciniki, kai kuma kana kai masa takardu biyu duk shekara. Ta farko rahoton shekara na CAC. Kuɗinsa ga ƙaramin kamfani 'yan dubbai ne, kuma mutum yana iya shiga shafin hukumar ya cike da kansa, ya biya ta Remita. Dokar 2020 ta rage wa ƙananan kamfanoni wahalhalu da dama: ba dole su yi babban taron shekara ba, ba dole su naɗa sakatare ba, ba dole su ɗauki mai binciken kuɗi na waje ba. Ƙarami a ma'aunin wannan doka shi ne wanda cinikinsa bai wuce miliyan 120 ba, dukiyarsa bayan an cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, babu ɗan ƙasar waje a cikin masu shi, kuma daraktocin ne ke riƙe da aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hannun jarin. Kamfanin da wa da ƙane ko abokai biyu suka buɗe kusan kullum yana cikin wannan sahu.

Ta biyu rahoton haraji, wanda ake kaiwa cikin wata shida bayan rufe lissafin shekara. Idan kamfaninka yana rufe littafi ranar 31 ga Disamba, kamar yadda aka fi yi, to 30 ga Yuni ce ranar ƙarshe. A 2021 aka mayar da wannan aiki intanet, ta shafin hukumar haraji mai suna TaxPro Max. Rahoton babu ciniki ba shi da wuya: ga jarin da aka zuba, ga abin da ya rage a banki, ga 'yan kuɗin da banki ya cire, ciniki babu. Akanta mai sauƙin kai zai haɗa maka shi da kuɗi kaɗan, musamman idan kun yi da shi cewa duk shekara shi zai riƙa yi.

Sabuwar dokar gudanar da harajin ta zo da wani abu da ya kamata mai irin wannan kamfani ya sani. Ta ce wanda ya dakatar da kasuwanci na wani lokaci ya sanar da hukumar haraji cikin kwana 30, ita kuma ta sa lambar harajinsa a matsayin mai barci. Wanda ya daina gaba ɗaya ma kwana 30 gare shi ya nemi a cire shi daga rajistar haraji. Wanda ya yi shekaru da dainawa, kwana talatin ɗin sun wuce tuntuni, amma wasiƙar makara ta fi babu. Ka rubuta ta a takarda mai kan kamfani, ka faɗi ranar da aka yi ciniki na ƙarshe, ka haɗa da bayanin asusun banki, ka kai ofishin da fayil ɗinka yake, ka tsaya a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Wannan kwafin mai hatimi ya fi duk wata magana ta baka da wani ma'aikaci zai yi maka daraja. Kuma ko an sa lambar a barci, ni dai shawarata ka ci gaba da kai rahoton shekara muddin lambar RC tana raye.

Inda ɗan hakin da ka raina yake tsone ido shi ne harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyukan da aka sayar. Shi ba na shekara ba ne, na wata-wata ne, ana kai rahotonsa kafin 21 ga wata mai bi. Dokar 2019 ta ɗauke wa masu ciniki ƙasa da miliyan 25 wannan nauyi, amma ka shiga shafin kamfaninka ka duba da idonka. Idan ka ga watanni a jere suna jiran rahoto, ka sa maganar a cikin wasiƙar nan, ka bi ta har a gyara, domin tarar VAT ta makara tun a tsohuwar doka 50,000 ce a wata na farko, 25,000 a kowane wata bayansa.

Kwantarwa tana da sharaɗi guda da mutanenmu suke yawan karyawa. Barci ya zama barci. Kada wani ɗan'uwa ya zo ya ce, "Ara mini asusun kamfaninka, za a turo mini kuɗin wani aiki, sun ce sai asusun kamfani." Da zarar kuɗin ya shiga, a takarda kamfaninka ne ya yi ciniki, kai kuma ka rubuta wa hukuma cewa babu. Zumunci ya sa ka rubuta ƙarya ba ka sani ba.

Ribarta a fili take. Abin da za ka kashe yau kaɗan ne, sunan kamfanin yana nan naka, shekarunsa suna ƙaruwa, kuma tsohon kamfani mai tsabtataccen tarihi yana da daraja wajen neman kwangila. Illarta ita ce ba ta ƙarewa. Duk shekara sai ka tuna, kuma shekara ɗaya ta mantuwa tana iya cinye duk abin da ka yi tattali a shekara biyar. Idan kai mutum ne da ko takardun motarsa sai jami'an hanya sun tuna masa, ka yi wa kanka adalci tun yanzu.

Hanya ta uku ita ce mafi arha a cikin masu kashe magana gaba ɗaya, sai dai ƙofarta ƙunci gare ta. Wannan sashe na 692 ya yarda kamfani da kansa ya nemi a soke sunansa. Masu hannun jari su zartar da ƙuduri na musamman, wanda ke buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u, a buga sanarwa a jaridun ƙasa guda uku, a jira kwana 28 ko wani zai fito ya ce bai yarda ba, sannan hukumar ta duba dalilanku. Babu mai rabon gado, babu kotu. Kuɗin jaridun ne ma yakan fi ɗaukar kaso mai yawa, kuma a 2025 CAC ta sabunta jadawalin kuɗaɗenta, don haka a shafinta za ka duba farashi, ba a bakin wanda ya yi nasa shekara uku baya ba. Sharaɗin kuwa shi ne kamfanin bai taɓa fara kasuwanci ba, kuma babu wani nauyi da bai sauke ba.

Da wannan fata muka tafi wajen akanta, ni da yayana. Mutumin ya sa tabarau, ya shimfiɗa bayanin asusun banki na shekara shida a kan tebur, yana bin layukan da bayan biro. Cajin saƙon waya, cajin saƙon waya, kuɗin kati, cajin saƙon waya. Sai biron ya tsaya a wani layi na 2021.

"Alhaji, wannan fa?"

Yayana ya leƙa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Au, fenti ne. Wani kamfanin gine-gine na kai wa, sau ɗaya tak. Sun ce ba sa biya sai ta asusun kamfani."

"Sun cire wani abu kafin su biya ka?"

"Sun ɗan cire."

Akanta ya ajiye biron. Abin da suka ɗan cire shi ne harajin da ake yankewa tun daga tushe, kuma mai yankewar yana kai shi hukuma ne da lambar harajin wanda aka yanke wa. Wato hukumar ta riga mu sanin cinikin fentin. Bokitai 'yan kaɗan na fenti sun rufe mana ƙofa ta uku. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa a rubuta kawai ba a taɓa ciniki ba. Sa hannunka ne a ƙasan takardar, ba nasa ba.

Wanda kamfaninsa bai taɓa motsi ba kuwa, irin wanda aka yi rajista don wani tallafi ko wata kwangila da ba ta tabbata ba, wannan ce hanyarsa, kuma ya gaggauta. Sai dai kalmar nan ta "babu nauyin da bai sauke ba" ta haɗa da rahotannin shekarun baya da tararsu. Sai an share su kafin a ɗauki biro a goge.

Ta huɗu ita ce rufewa ta gaske ga kamfanin da ya taɓa aiki, kuma hanya mafi sauƙin gane ta ita ce a ɗauke ta kamar rabon gado. Ba a raba wa magada sai an tattara dukiya, an biya bashi. Daraktoci su yi rantsuwa a rubuce cewa sun binciki harkokin kamfanin, sun tabbata zai iya biyan duk bashinsa cikin wata goma sha biyu. Dole rantsuwar ta kasance cikin mako biyar kafin zartar da ƙudurin rufewa, kuma wanda ya rantse babu hujja ya aikata laifi. Daga nan masu hannun jari su zartar da ƙudurin, su naɗa mai warware kamfanin, a sanar da jama'a ta gazet ɗin gwamnati ko jaridu cikin kwana 14, a sanar da CAC. Daga ranar naɗin, ikon daraktoci ya koma hannun wannan mutum. Shi zai sayar da abin sayarwa, ya karɓo bashin da ake bin mutane, ya biya wanda ake bin kamfanin, ya raba saura. A ƙarshe ya kira taro, ya karanta lissafi, ya kai wa CAC. Wata uku bayan hukumar ta shigar da takardun, kamfanin ya rasu a idon doka.

Tsadar tana wurare uku. Na farko, tun dokar 2020 ba kowa ake naɗawa wannan aiki ba. Sai ƙwararren da aka ba izini, lauya ko akanta mai aƙalla shekara biyar a wannan fanni, irin 'yan BRIPAN, ƙungiyar masu aikin farfaɗo da kamfanoni da warware su, kuma ladansa ba na cike fom ba ne. Na biyu jaridu, domin sanarwar ba sau ɗaya ba ce. Na uku, kuma mafi cin lokaci, haraji. Doka ta hana mai warwarewar ya raba wa masu hannun jari ko sisi sai ya tanadi abin da zai biya duk harajin da ake bin kamfanin, saboda haka hukumar za ta buɗe littattafai ta duba. Tana da ikon komawa baya shekara shida, idan kuma ta ga alamar zamba babu iyaka. Akwai kuma ƙa'idar da aka kafa tun 2019 cewa kamfanin da ya daina aiki har abada ya lissafa ribarsa daga farkon shekarar lissafi zuwa ranar dainawa, ya biya cikin wata shida. Duk wannan aikin watanni ne, ba na mako biyu ba.

Ga kamfani mai fili, ko mota, ko injin niƙa, ko kuɗi masu kauri a banki, ko abokan tarayya da suka fara kallon juna a kaikaice, kuɗin nan ba asara ba ne. Da shi kake sayen takardar da ke cewa an gama, babu mai bin wani. Haka idan ɗaya daga cikin masu kamfanin ya rasu, magada suna son a fitar musu da haƙƙinsu a fili. Ga kamfanin da duk abin da ya mallaka hatimi ne da naira dubu bakwai a asusu, wannan kamar a kira mahauci ne ya yanka fara.

Akwai wata hanya da ba a cika lissafa ta ba, ita ce sayarwa. Masu neman kwangilar gwamnati ana tambayar su shaidar biyan haraji ta shekara uku, shi ya sa ake samun masu neman tsohon kamfani su saya maimakon su buɗe sabo. Idan ka samu mai saye na kirki, kai za a ba kuɗi maimakon ka kashe. Amma sayarwar ta zama a rajista: a mayar da hannun jari sunansa, a cire ka daga daraktoci, a canza sunan mai iko na ainihi da adireshi a CAC, a canza masu sa hannu a banki, a sanar da ofishin haraji, a kuma rubuta yarjejeniya kan wanda zai ɗauki tarar shekarun baya. Abin da nake gani ana yi shi ne a miƙa satifiket da hatimi a cikin leda, a karɓi kuɗi, a yi musabaha. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Duk abin da mai sayen ya aikata da kamfanin, sunanka ne a rajista, ƙofarka masu bincike za su ƙwanƙwasa. Kada ka saki komai sai ka ga sabon rahoton matsayin kamfanin daga CAC, babu sunanka a ciki.

Idan bashin da ke kan kamfanin ya fi abin da ya mallaka, duk abin da na faɗa a sama ba naka ba ne tukuna. Ba za ka iya rantsuwar biyan bashi ba. Sai taron masu bin bashi ko Babbar Kotun Tarayya, kuma aikin lauya ne. Kafin a kai nan, ka zauna da masu bin ka, ku yi sulhu a rubuce, sau da yawa ya fi arha.

Ko wace hanya ka ɗauka, tsohuwar tara tana gabanka, kuma a nan ake iya rage kashe kuɗi. Wanda ya kawo kansa da takardunsa a hannu ba a yi masa kallon wanda aka kamo. Ka kai rahotannin da suka makara duka, sannan ka rubuta neman sassauci, ka nuna da bayanin banki cewa babu ciniki. Hukumar ta sha buɗe ƙofar yafiya: shirin VAIDS, na masu kawo kansu su bayyana harajin da ba su biya ba, daga Yulin 2017 zuwa Yunin 2018, da yafe tara da kuɗin ruwa da ta yi a Disambar 2023 ga waɗanda suka biya uwar kuɗin. Idan aka sake irin wannan, wanda takardunsa suke a haɗe shi zai amfana. Zaman jiran ta kuwa, alhali kowane wata yana ƙara dubu hamsin, ba dabara ba ce. Idan an taɓa yanke wa kamfanin haraji daga tushe, kamar na fentin nan, kuɗin yana rubuce da sunan kamfanin a wajen hukuma, ka sa akanta ya nemo shi a sa a lissafi.

Kada ka manta da jiha. Idan an taɓa biyan albashi, ka tabbata an kai harajin ma'aikata na watannin da aka yi, an kai rahoton shekara da ake kaiwa kafin 31 ga Janairu, ka rubuta musu cewa yanzu babu ma'aikaci ko ɗaya. Kuɗin fanshon da aka cire wa wani ba a tura ba, wannan haƙƙin mutum ne, ba ma sai hukuma ta tuna maka ba. Allon da ke rataye a tsohon ofis ma ka sauke shi, domin masu karɓar kuɗin wurin sana'a allo suke bi.

Wata 'yar gargaɗi daga abin da ya same ni. Na taɓa ba wani mai cike-ciken takardu kuɗi ya kai mini rahoton shekara biyu. Ya kawo mini takarda mai kyau, har da tambari. Bayan wata takwas na buɗe shafin bincike da wayata, na ga kamfanin yana nan yadda yake, babu abin da aka shigar, shi kuma lambarsa ta daina shiga. Tun daga ranar nake cewa imel da lambar wayar da ke kan rajistar kamfani su zama naka, kalmar sirri ta zama a hannunka, rasit kuma ka gan shi a shafin hukuma da idonka kafin ka cika wa kowa ladansa.

Wanda abin da yake da shi rajistar sunan kasuwanci ce kawai, mai lambar BN, ya kwantar da hankalinsa, tasa ba ta kai wannan tsawo ba. Sanarwar dainawa zai kai wa CAC, harajinsa kuma na kansa ne a hukumar jiha. Da a ce mutane da yawa sun tsaya a nan tun farko, da ba su sayi rigar da ta fi ƙarfin wuyansu ba.

Idan ka tambaye ni wacce za ka ɗauka, zan mayar maka da tambayar akanta: kuɗin ciniki ya taɓa shiga asusun? In bai taɓa ba, kuma ba ka da niyyar komawa, share bayanka ka nemi a soke suna, ka huta. In ya taɓa, sai ka duba abin da kamfanin ya mallaka da waɗanda kuke ciki tare. Dukiya ko rigima ko magada, raba gadon ta hanyar doka, ko da zai ci kuɗi. Babu ko ɗaya, kai kaɗai ne ko kai da wanda kuke fahimtar juna, kwantar da shi, kana sauraron mai saye na gaskiya. Asusun banki kuma shi ne abu na ƙarshe da za ka rufe, don ta cikinsa za ka biya abin da ya rage. Littattafai da rasitai ka adana su shekara shida ko bayan an gama.

Yayana kwantarwa ya zaɓa. Ya kira abokin nasa daga gona suka sa hannu a wasiƙar tare, akanta ya haɗa rahotannin da suka taru, aka shigar da neman sassauci. Kwafin mai hatimin karɓa yana cikin wata jakar leda mai zif a durowar nan, kusa da hatimin kamfanin, wanda ya sa yaron shago ya goge da ɗan baƙin mai. A wayarsa na saka masa tunatarwa ranar 2 ga Mayu, mai maimaita kanta duk shekara. Ya ce in saka a tawa ma, don shi wayarsa ba ta shekara biyu a hannunsa.